Ranar da Na Ce wa Alƙali Ba Zan Iya Ba

Abubuwa da yawa na aikin jami'a sun shuɗe daga kaina, amma shari'ar farko da na ba da shaida a kan hankalin wani mutum, wannan kam har in koma ga Allah tana nan. Lokacin ban daɗe da fara koyarwa ba, ina karantar da ilimin halayyar ɗan Adam da dokokin da suka shafi masu taɓin hankali. A aji bakina da kaifi yake, saboda a takarda kawai na san abin.

Matar da ake tuhuma kayan miya take sayarwa a Kasuwar Sabon Gari. Wata rana da hantsi wata mai cefane ta kwantar da jaririnta a kan benci tana gyara zani, kafin ta juyo babu shi. A wajen shataletalen Bata aka tare mai kayan miyar, ta goya yaron, tana tafiya a natse tana yi masa waƙa. Ba don 'yan sanda sun iso da wuri ba, da a nan jama'a suka gama da ita. Lauyanta ya ce ba ta cikin hayyacinta. Likita ya duba ta, ni kuma kotu ta ce in zauna da ita in faɗi abin da na fahimta.

Na yi ta zuwa inda ake tsare da ita. Ba ta ihu, ba ta yaga kaya, har mutanen gida take tambayata. Sai da muka saba, ranar nan ina shirin tafiya ta riƙo mayafina.

"Malama, don Allah ki ce su daina ba shi madarar gwangwani. Ba ta karɓe shi ba."

Ashe nata ɗan ya rasu a hannunta a cikin adaidaita sahu, suna hanyar asibiti, kuma tun ranar zuciyarta ta ƙi yarda. Mijinta ya gaya min kullum sai ta wanke kayan jariri ta shanya.

Abin da ya hana ni sukuni shi ne, uwar yaron da aka ɗauka 'yar unguwarmu ce, Rijiyar Lemo. Kafin in ankara magana ta zaga. A gidan suna wata Hajiya ta dube ni a gaban mutane ta ce, "Ashe ke ce za ki wanke ɓarauniyar yara da bokonki?" Na yi murmushi kawai.

Wannan mai sauƙi ne a kan zuwan uwar da kanta. Bayan la'asar ta yi sallama, yaron a ɗaure a ƙirjinta, don tun ranar ba ta ƙara yarda ta goya shi a baya inda ba ta ganin sa ba.

"Anti, ni ba faɗa na zo yi ba," in ji ta. "Ko banɗaki ba na iya shiga in bar shi. In aka sake ta, ta ƙara ganin sa fa?"

Na ce mata doka ba ta ba ni damar yin maganar da ita ba. Haka ne, amma gaskiyar ita ce fakewa na yi da dokar.

Ranar zaman kotu aka kira ni gaban alƙali. Na yi bayanina. Sai lauyan gwamnati ya miƙe a hankali.

"Malama, za ki iya tabbatar wa kotu cewa in aka sallami matar nan ba za ta sake ɗaukar ɗan wani ba?"

Lauyanta ya zuba min ido. Mijinta ya haɗa hannuwa kamar mai addu'a. Can baya kuma uwar yaron ce. Na san kalmar da za ta iya fitar da matar, ƙarama ce, tana bakina.

"Ya mai shari'a, ba zan iya ba," na ce. "Babu wanda zai iya. Abin da na sani, a ranar ba ta san ɗan wani ta ɗauka ba. In aka kai ta gidan yari, da ciwonta za ta fito. In aka yi mata magani, ina kyautata zaton za ta warke."

A bakin kotu mijin ya tsaya gabana, idonsa jajir. "Kin kashe mu, Malama."

Aka ɗage shari'ar. Makonnin nan ban san yadda na yi su ba. Ina tsaye a aji sai in manta inda na tsaya. Kullum ina lissafin cewa in aka ɗaure ta, da bakina aka ɗaure ta.

Da ranar hukunci ta zo, alƙali ya tura ta asibitin ƙwaƙwalwa, ba fita sai likitoci sun gamsar da kotu. Mijin bai ji daɗi ba, 'yan unguwarmu ma ba su ji ba.

Bayan wasu watanni na je duba ta. Ta rame. Ta daɗe tana kallon hannuwanta kafin ta ɗago.

"Malama, ya rasu ko?"

Na ce mata e, ya rasu. Ta fashe da kukan da ba ta yi ba ranar jana'iza. Na zauna kusa da ita, ni ma ban iya riƙe nawa ba.

Yau ni ce nake horar da masu zuwa kotu su ba da irin wannan shaida. Abin da shari'ar nan ta koya min, shi nake fara gaya musu: kowa a ɗakin zai so ka ba shi tabbaci, kuma tausayi ne zai fi matsa maka, ba tsoro ba. Ka faɗi abin da ka sani, ka faɗi inda saninka ya ƙare, ko da za ka fito babu mai yi maka sannu.