Malfar Jakan Fatake

Ko gobe aka tashe ni daga barci aka ce in faɗi abin da ya fi tsaya mini a rai, malfar jakai zan ce. Ba ta barin zuciyata har in koma ga Mahaliccina.

Lokacin Sarkin Musulmi na zaune a Wurno, gari cike da fatake. Ni kuwa masaƙin malfa ne, kabar nan ita ce cina da shana. Wata rana na ga jakan fatake sun shigo da tsakar rana, kunnuwa sun langaɓe don zafi, sai na ce a raina: mutum na da malfa, jaki fa?

Tsoron yin abu da ka ya sa na aika Goronyo aka kira mini wani dattijo da aka ce ya je Gwanja, ya san abin da ke karɓuwa a kasuwa. Ladansa ragon da nake kiwo don layya.

Ya zauna ya shafa gemu. "Ɗana, wanga tunani naka babba na. Amma ba a saƙa da yawa sai an gwada guda."

Wallahi maganar ta burge ni. Muka saƙa guda mai ramukan kunne. Ya ce kabar ta yi kaushi, a jiƙa ta a ruwan kanwa ta yi laushi. Muka ɗaura wa jakina, ya ja shi shi kaɗai har Kwargaba ya dawo. Malfa lafiya lau, jaki na tafe kamar alkali.

"Ta tabbata," in ji shi. "Saƙa."

Na buɗe rumbun gerona, abincin gidana har kaka, na raba wa masaƙan unguwarmu su saƙa mini malfunan jakai. Uwar 'ya'yana ta ce, "Malam, mi za mu ci in jakkai sunka ƙi?" Na ce mata masani ya gwada.

Ai kuwa ba su ƙi ba. Ranar kasuwar Rabah wani madugu ya yarda a sa wa ayarinsa duka. Muka ɗaura, aka tara su wuri guda a zango. Na farko ya sunsuni kan maƙwabcinsa, ya ji kanwa, ya kai baki. Kafin in tsallaka igiyar da aka kewaye su da ita, kowane jaki na cin malfar ɗan'uwansa, shi ma ana cin tasa. Ina ihu, ina jan wannan, wancan ya fizge wadda ke kaina. Fatake har da masu kwanciya ƙasa don dariya.

Na juya ga dattijon da ke tsaye gefe, cike da haushi. "Baba, mi ke nan?"

Ko gezau. "Kai dai ka cika gaggawa. Ka taɓa ganin hajar da masu ita sunka so haka?"

Madugu ya kwashe sauran a farashin harawa. Dattijo ya ja ragona ya nufi Goronyo, mu kuwa muka ƙarasa daminar nan da tafasa da rama.

Tun daga ranar na gane: jaki guda ba ya iya kai baki kansa, don haka bai shaidi komai ba. Abin da za a yi amfani da shi cikin taro, cikin taro ake gwada shi, tun hatsi na cikin rumbu.