Kalmar da Ta Ɓata Sunan Yaya Habu

Shekara goma sha ɗaya ke nan da rasuwar yayana, Malam Habu, kuma har yau a Kausani akwai masu rage murya idan an ambace shi.

Ya dawo daga karatu a Brazil jim kaɗan bayan sojoji sun koma bariki, ya kama koyar da lissafin kwamfuta a Wudil. Fanninsa shi ne koya wa na'ura ta auna kamannin abubuwa, ta ware su. Turawa na kiran dabarar kernel, malamansa masu jin Fotugis kuma núcleo. Yaya Habu akwai kafiya. Ya ce ɗan manomi ba zai gane abu da bakin wasu ba, sai ya sayi babban littafi ya ja layi uku: Turanci, Fotugis, Hausa. A layin Hausa ya sa ƙwaya, irin ta gero yake nufi. A bangon littafin ya rubuta Dabarun Ƙwaya da manyan baƙaƙe.

Wata rana ya manta littafin a motar haya. Kafin a dawo masa da shi, gari ya gama yanke hukunci. Mutum ya fito daga Brazil, inda ake cewa hodar iblis ke fitowa, ga rubutun da ba a ganewa, ga ƙwaya ɓaro-ɓaro a bango! Ba a kama shi ba, ba a kuma tambaye shi ba. Gaisuwa ce ta gajarce, aka daina tura shi gaba a sallah. Shi kuwa dariya ya yi, wai duk wanda ya karanta zai gane. Babu wanda ya karanta.

Da ciwon hanta ya ɗauke shi, aka ce ai ga sakamako. Ranar sadakar uku Inna ta miƙo min littafin, ta ce, "Ƙone shi, Sa'adu, kada ya bi 'ya'yansa." Na san ƙazafi ne, amma na gaji da kallon da ake mana. Na ƙone shi, kuma ban yafe wa kaina ba.

Yau kowa zancen na'ura mai koyo yake, kuma da Turanci zalla. Da yana raye, tsaki zai ja ya sayi wani littafin.

Bara 'yarsa Hafsatu, wadda ke karatun kwamfuta, ta tare ni a zaure. "Baffa, da gaske Abba ƙwaya yake sayarwa?" Na rantse mata ƙarya ne. Ta ce, "To nuna min aikin nasa." Na sunkuyar da kai. Abin da ya rage mata na mahaifinta shi ne rantsuwar mutumin da ya ƙyasta ashanar.