Tsallaken da Gwaggo ta ƙi yi a Nuzla

Mun tashi da asuba ranar Juma'a daga Ɗa'if, ni da maigidana, ko karyawa ba mu tsaya yi ba. Ku da kuka saba ganin ina sa hotunan furanni da hazo, yau ku yi haƙuri, wannan tafiyar da ɓacin rai na yi ta, da shi kuma na dawo.

Gwaggona ce ta kira ni a waya. 'Yar ƙanin kakana ce, wanda ya zo hajji a ƙafa bai koma ba, don haka a Jidda aka haife ta, a nan ta tsufa. Shekara huɗu ina aikin jinya a ƙasar nan, ba ta taɓa neman komai a wajena ba sai daddawa. Ranar nan cewa kawai ta yi: "'Yata, sun ce ni mayya ce. Gobe suke so in tsallake."

Hanyar da ke gangarowa daga dutsen Hada sai lanƙwasa take, kunnena ya toshe. Birai sun yi layi a bakin titi suna jiran wanda zai jefa musu ayaba. Maigidana ya nuna wani ƙaton gwaggon biri ya ce ga dangina sun fito tarba. Da wata ranar ce da na rama, ranar nan harara kawai ya samu. Mun wuce gefen Makka gari na wayewa, muka tsaya a wata rumfa muka ci tamis da ful, wato burodin tanda da wake. Mai rumfar ya ƙara riyal ɗaya a kan yadda na saba, waken kuma ya ragu.

Sanyin Ɗa'if a kan dutse muka baro shi. Muna shiga Jidda gumi ya karɓe mu. A unguwar Nuzla mota ba ta shiga lungun Gwaggo, sai muka ajiye ta kusa da mai gasa tsire, wanda a nan suke kira siriya suna tsammanin su suka ƙirƙiro shi. Da can idan na shigo lungun nan mata leƙowa suke suna "marhaba, 'yar Hajja." Wannan karon ƙofofi ne suka riƙa rufuwa a gabana.

Sai in faɗa muku abin da ban taɓa faɗa ba. Gwaggo 'yar bori ce. Ni ban yarda da bori ba, mun yi musu da ita a kansa har mun gaji. Tun tana budurwa aka yi mata girka, wato aka shigar da ita, ta yi shekaru cikin taron matan unguwar da ke haɗuwa a ɓoye ƙarƙashin wata dattijuwa da suke kira Magajiya. Duk cikinsu ita kaɗai ta riƙe kirarin iskoki da tsantsar Hausa, sauran rabi Hausa rabi Larabci suke kwaɓawa. Bara ta daina zuwa. Ta ce taron ya koma gasar gwal da gulma, ita da iskarta Doguwa sun san juna, ba sa bukatar 'yan kallo. Duk Alhamis takan kunna turarenta a ɗakinta, ta yi 'yan maganganunta, ta kashe. Sau uku Magajiya tana aikowa ta dawo, ta ƙi.

Sai 'yar Magajiya ta kwanta. Mace ce mai 'ya'ya uku, ta rame cikin wata biyu, tana shan ruwa ba ta ƙoshi. Da ciwon ya yi tsanani ta fara sambatu tana kiran sunan Gwaggo. Kun san yadda mutanenmu suke, wanda mara lafiya ya ambata shi ya kama kurwa. Shekara hamsin Gwaggo tana cikinsu, ita ce gwana, ita ce uwa. Daga ta koma ita kaɗai sai ta zama mayya. Turaren bai canza ba, kalmomin ba su canza ba.

Na same ta zaune a kan tabarma ta yi wanka ta sa farin mayafi. Na ce ba inda za ta. Ta ce in ba ta je ba za su ce ta gudu, kuma kalmar sihiri idan ta fita daga lungu ta kai kunnen hukuma, ba wasa ba ce a ƙasar nan. Sai na ɗauki jakata na bi ta, maigidana ya tsaya a waje.

Ɗakin cike yake da mata, kusan ashirin. An shimfiɗa mara lafiyar a tsakiya, an ajiye kwanon ruwa a gefe. Abin da suke so shi ne Gwaggo ta tsallake ta sau uku, ta kuskure baki a ba ta ruwan ta sha, wai ta haka maye ke sakin wanda ya kama. In ta tsallake, ta amsa laifi da ƙafarta. In ta ƙi, ita ta hana warkewa.

"Yalla, ya Hajja," in ji Magajiya. "Ki tsallake, halas, shi ke nan. Ko kuma ki dawo cikinmu, mu ce iska ce ta yi kuskure, a rufe maganar."

A nan na gane komai, raina ya ɓaci. Ashe akwai ƙofar fita, kuma makullin na hannun mai zargin.

Gwaggo ta ce: "Yarinyar da na goya? A bayana ta yi fitsari. Haram alaiki." Ba ta tsallake ba. Zama ta yi a ƙasa, ta ɗago kan mara lafiyar ta ɗora a cinyarta tana shafa mata goshi. Mara lafiyar kuwa ta damƙe mayafin Gwaggo ta daina sambatu.

Da na durƙusa kusa na ji warin numfashinta, na san abin da nake gani. Na ciro abin gwajin suga daga jaka na soki yatsanta, na'urar ta kasa ma nuna lamba don yawa. Na tambaya me ya hana a kai ta asibiti. Wata ta ce iƙamarta, wato takardar izinin zama a ƙasar, ta mutu tun bara, suna tsoro. Wato wata biyu kuna kallon mace tana narkewa saboda tsoron takarda, sai kuka ga tsohuwa mai zaman kanta ta fi sauƙin tunkara? Na faɗa musu haka, na ƙara da wasu maganganun da ba zan rubuta ba. Muka ɗauke ta a bargo har mota. Sashen gaggawa suka karɓe ta, ruwa suka fara sa mata kafin maganar takarda.

Ranar Asabar da hantsi mara lafiyar ta buɗe ido, ta sha shayi, ta tambaya ina Gwaggo take. Na koma Nuzla da murnata, har na tsaya na sayi siriya. A bakin lungu na ji wata tana faɗa wa wata: "Alhamdu lillahi, ta saki. Ba ki ga yadda ta shafa kanta ba?" Da a ce ta mutu, da an ce Gwaggo ta cinye ta. Yanzu da ta tashi, an ce Gwaggo ta saki. Gwajin da na yi da hannuna ya zama shaida a kan tsohuwar da na zo karewa.

Na roƙe ta ta bi mu Ɗa'if ko na wata guda ne. Ta ce a lungun nan aka yanke mata cibiya, ba mai fitar da ita. Ta ƙulla mini dabino a leda, ta ce kada in manta da daddawa.

Bayan la'asar muka kama hanya. Birai na nan a Hada, maigidana bai yi wasa ba wannan karon. Mun iso gida ana kiran magariba, sanyi ya tarbe mu, amma zuciyata ba ta huce ba. Abin da na koyo shi ne, a wajen wasu mutanen laifinka ba abin da kake yi ba ne, laifinka shi ne kana yinsa ba tare da su ba. Har yanzu ban yarda da bori ba, kuma har yanzu ina tare da Gwaggo.

Na kira ta in ce mun sauka lafiya, na kasa daurewa na sake tayar da maganar. Ta yi dariya kaɗan ta ce: "Bar su, 'yata. Da ina cikinsu, da yanzu cewa suke ni na warkar da ita."