Ruwan Rijiyar Goggo a PK8

Wata uku kacal na yi da fara aiki a labo, ɗakin gwaje-gwaje, amma kaina ya riga ya kumbura. A gida kowa "likitar ruwa" yake ce mini, ni kuwa ban taɓa gyara musu ba.

Goggona, yayar babanmu, tana zaune a unguwar PK8. Bayan gidanta akwai wurin da ake tsoma katako cikin wani koren magani don kada gara ta ci. In aka yi ruwan sama, kwatar wurin takan bi ta gefen rijiyarta. Ta ce in duba mata ko ruwan na shayuwa, don da shi take dama wa jikarta kunu.

Abin da nake nema wani ƙarfe ne da ke cikin maganin katakon, sunansa kromiyam, kuma iri biyu ne a ruwa. Mai lamba uku da sauƙi. Mai lamba shida shi ne mugun. Gwajinsa ba wuya: a zuba magani, in yana ciki ruwan ya yi ja kamar zoɓon da aka cika wa ruwa, sai na'ura ta auna ƙarfin launin.

Ranar Juma'a na ɗebo ruwan a kwalba. Akwai bikin ƙawata a unguwar Derrière la Prison, ina zan tsaya wani gwaji? Na ɗiga wa kwalbar asid kamar yadda muke yi wa sauran ƙarafa, na ajiye sai Litinin. Da na gwada, ruwa fari tas. Na buga wa Goggo waya da gadara, na ce ta sha abinta lafiya lau. Ita kuma ta bi maƙwabta tana shela.

Bayan sati uku shugabarmu tana duba littafin aikina ta ga kalmar asid. Ko faɗa ba ta yi ba, gara ma ta yi. A hankali ta tuna mini cewa asid yakan juya mai shida ya koma mai uku in kwalba ta kwana, shi ya sa ake gwada shi da wuri, ba asid. Wallahi na sani, an koya mana. Biki ne ya ɗauke mini hankali.

Na aika aka ɗebo sabo da safe. Ina zuba magani ya yi ja.

Na hau taksi zuwa PK8 ina shirya magana. Na tarar da maƙwabta mata cike a tsakar gida. Goggo ta yi mini maraba, ta kawo ruwa a kofi. Na riƙe, na kasa kai wa baki.

"Sha mana, 'yata. Ai ke kika ce."

Kaina a ƙasa na faɗa mata komai, a gaban kowa. Ba ta zage ni ba. Ta karɓi kofin ta zubar a gindin ayaba, ta dubi jikarta da ke barci a tabarma.

"Har kunun yau da safe da shi na dama mata," in ji ta.