Takardar Bature a Wuyan Yayana

Shekarar da Turawa suka kafa turakun iyaka arewa da Maigatari, ɗaya ya faɗo a tsakiyar gonar yayana. Da ya ga yana tare masa noma, sai ya tumɓuke shi ya mayar gefe. Sojojin Faransi suka kama shi, suka kulle a Damagaram kafin shari'a.

Na tafi Gumel, na yi yini uku a ƙofar Baturen Ingila da ya zo rangadi. Ya rubuta takarda cewa yayana mutuminsu ne, a sassauta masa. Tafinta ya ce, "Ka kai Damagaram, kada ruwa ya taɓa ta."

Damina ce, kuma a garinmu rubutu mai amfani wurin baduku ake kai shi. Aka ɗinke ta cikin jar fata, na je na rataya wa Yaya a wuya. Da ita ya tsaya gaban alƙalin Faransi, ba wanda ya buɗe. Aka yanke masa wata shida, ya yi su cif.

Har ya rasu bai cire ta ba. Yakan ce ba don ita ba, da shekara zai yi.