Gitar da ta wuni a ƙarƙashin tebur

Shekarun baya, ina sabon ɗauka a wani buro, wato ofishin gwamnati, a Dogon Dutsi, aka haɗa ni ɗaki ɗaya da wani dattijo da ya kusa ritaya. Baba nake ce masa. Aikinmu buga rahoto mu tura Dosso, Dosso ta dawo da shi a gyara, mu gyara mu mayar, a ce ai tsarin ya canza. Ordinata ɗaya gare mu, wato kwamfuta, ita ma sai an lallashe ta take tashi. Ranar da akwai wuta babu tawada a injin bugawa, ranar da aka samo tawada an ɗauke wuta. Ni da na zo da kwalin karatuna ina ganin zan gyara ƙasa, abin da na fara ƙwarewa a kai shi ne hura gawayin shayi a gindin bishiyar bedi.

A gindin bedin nan wata rana na kunna wani sabon faifai a wayata. Wasu samarin Yamai ne suka fitar da shi, gita mai lantarki da ganguna, irin kiɗan da iyayenmu suke ji a kaset. Ni dai ya tafi da ni. Na ce duk ƙasar nan ba a taɓa kaɗa gita haka ba.

Baba ya kurɓi shayi ya ce, "Sun cika gaugawa. Wa ka korar su? Gita ba doki ba ta."

Na ce, "Haba Baba, kai da ba ka san komi ba sai rahoto?"

Ya ce in maimaita waƙa ta uku. Ya saurara ido rufe, yatsunsa suna motsi a kan gwiwa. Da ta ƙare ya ce, "Wagga kam sun kusa. Amma mai gitar tsoro shikai, bai barin igiya ta yi kuka ta gama. Mu lokacin da munka yi namu, sai ta yi shiru da kanta."

Ashe da samartakarsa shi ne mai gitar ƙungiyar kiɗan garin nan, har gasar matasa sun je. Gitar tana nan bisa kabad a gidansa. Ya daina taɓa ta ne tun da babban ɗansa, ɗan kasuwa mai bin wa'azi, ya roƙe shi ya bari don mutuncin furfura.

Na takura masa har ya kaɗa mini a zaure, na ɗauka a waya na tura wa wani ɗan'uwana a Yamai da ya san samarin. Ban zaci komai ba. Sai ga kira daga samarin, suna cewa irin hannun da suke ta kwaikwayo ke nan. Za su yi wasa a Dosso ranar wata Alhamis, suna so ya iso kafin magariba ya hau dandamali su yi waƙa ɗaya tare. Ban taɓa ganin Baba ya yi dariya har haƙoransa na ciki sun fito ba sai ranar. Ya aika aka sayo sababbin igiyoyi. Ɗan nasa ma, da ya ga yadda uban ya sake, bai hana ba.

Saura izinin shef, wato shugaban buron. Tun farkon mako Baba ya rubuta takardar neman izinin wuni ɗaya, amma shef ya tafi rangadi ƙauyukan Dogon Kiriya, hatimin buro kuma yana aljihunsa, don ko bayan gida ba ya zuwa ya bar shi. Mataimakinsa ya ce shi ba ya sa hannu inda babu hatimi.

Ku fahimce ni, a buron nan kowa sulalewa yake yi. Wani ya ce zai je gaisuwar mutuwa, sai ka gan shi a kasuwa yana taya rago. Ba mai tambayar kowa. Baba kaɗai ne bai taɓa fita ba takarda ba.

Ranar Alhamis ya zo da shadda mai sitaci, gitar naɗe cikin zane, ya tura ta ƙarƙashin tebur. Ya kira shef. Shef ya ce, "Ina bisa hanya, jira ni." Azahar ta yi. Na ce, "Baba, don Allah tashi mu tai tasha. Wa za ya sani? In an tambaya in ce masassara ta kama ka."

Ya ce, "A'a, yaro. Mutum ya ce in jira shi. In gama aiki lahiya, sannan a ƙarshe a ce na gudu daga buro?"

La'asar ta yi, ya sake kira, shef ya ce, "Ga ni nan kusa." Daga tagarmu ana hango kwalta, yana kallon motocin Dosso suna wucewa ɗaya bayan ɗaya. Na yi roƙo, na yi faɗa, har na tsayar da ɗan kabu-kabu a ƙofa. Bai motsa ba. Da rana ta yi ja wayar shef ta daina shiga, ta Baba kuma ta yi ta ƙara, samarin ne, ya kife ta a kan tebur. Da aka kira magariba ya ɗauki gitarsa ya tafi gida.

Washegari shef ya iso da hantsi. Ya jawo takardar, ko karantawa bai yi ba ya buga hatimi, ya miƙa masa yana cewa, "A sauka lahiya." Baba ya miƙe, ya karɓa da hannu biyu, ya ce, "Na gode, shef." Ni fita na yi bayan buro, don hawaye ne suka zo mini, na haushi da na tausayi.

Bai sake zancen gita ba. Ya yi ritaya ya koma gonarsa a Kore Mairuwa, yanzu sanyin ƙashi ya riƙe masa yatsu.

Na daɗe ina jin haushinsa. An ce sabo turken wawa, amma Baba ba wawa ba ne. Buro ne ya yi ta cin sa kaɗan-kaɗan, kamar gara a azara, har ya kai ko abin da ransa ya fi so ba ya iya miƙa wa hannu sai an ce ya miƙa. Na rantse ni ba za a yi mini haka ba.

Ina nan a ɗakin har yau, kan kujerarsa ma. Bara aka kira ni da safe cewa an kwantar da mahaifiyata a asibiti. Na kashe waya na miƙe da sauri. Ban farga ba sai ganina na yi tsaye a ƙofar shef, hannuwana a baya, ina jiran ya gama waya.