Hujin Gwiwar Suwaita

Gwaggonmu, yayar babanmu, ta yi rabin rayuwarta a wani ɗan ɗaki da ke bayan gidan wanki da guga, tsakanin injin busar da kaya da bango. Tagar ɗakin ɗaya ce, ita ma sai ka ɗaga kai za ka ga sama. Aikinta gyaran kayan da suka yage, ko dutsen guga ya ƙona, ko asu ya ci. In kana son ganin ɓacin ranta, ka kira ta mai faci. Ita zare take zarowa daga cikin kalmasar rigar, ta bi hujin tana saƙewa sili-sili, har mai kayan ya zo ya yi ta juya rigarsa yana neman inda ta yage bai gani ba.

Sai dai masu kayan ba su taɓa ganin fuskarta ba. A teburin gaba ake ajiye kaya, a nan ake karɓa, godiyar ma a nan take tsayawa. Da gidan wankin ya koma hannun wani, sabon mai shi ya leƙa ɗakin ya ce wurin zai ɗauki ƙarin inji. Gwaggo ta zuba allurai da almakashi da fitilarta a kwali, ta koma gida. Mijinta, direban bas, ya riga mu gidan gaskiya da daɗewa. Ɗanta tilo, Dogo, yana aiki a wani gari mai nisa. Gidan ya yi tsit, har ƙarar firij ta zama abokiyar hira.

"Mama, ki rufe gidan nan ki taho," in ji Dogo a waya. "Ga ɗaki na gyara miki. Ki zo ki huta."

"In huta da me? Gawa ce ni?"

Ta san ɗakin. Ta san za ta zauna hannu rabbana tana jiran a dawo daga aiki a gaishe ta. Da ya ga ta kafe, sai ya ce to ta buɗe shafinta a intanet, mutane su san akwai ta a duniya. In aiki ya zo, ya bar maganar. In bai zo ba, ta haɗa kaya.

Haka Gwaggo ta zama ɗaliba da furfurarta. Tabarau a kan hanci, yatsa ɗaya a kan waya, Dogo na faɗa mata inda za ta taɓa, tana taɓa inda ta ga dama. Ita ta zaɓi launin shafin, ruwan toka, don kada ya fi kayan ɗaukar ido. Ita ta rubuta 'yan kalmomin da ke sama: ana gyaran yaga da ƙuna da cin asu, ba a ganin wurin. 'Yan kayan da maƙwabta suka kawo mata, in ta gama, sai ta shimfiɗa su a kan farin zanin gado kusa da taga ta ɗauki hoto. Kwat, wando, labule, duk sumul kamar yau aka fito da su daga shago.

Ta ajiye wayar a gefen kwalin allurai, ta shiga jira. Ko wanka za ta shiga, sai ta ɗora ta a bakin ƙofa. Makonni suka shuɗe. Kira ɗaya tak ya shigo, wani mutum yana tambaya ko kwat ɗin nan zai shige shi, don shi yana da ɗan tumbi.

Da ta ba Dogo labari a waya, ya yi dariya har da tari. "Mama, ashe shagon gwanjo muka buɗe! Ina gyaran a hotunan nan?"

"Ai gyaran ke nan da ba ka gani ba, sakarai."

"To ni ɗanki ban gani ba, balle baƙo. Ki riƙa ɗaukar kayan tun suna yage, sannan bayan kin gama."

"Kayan mutane? Wanda ya kawo maka yagaggen wando, asirinsa ya kawo maka." Tun a gidan wanki, Gwaggo ciki take naɗe yagar, ko sauran ma'aikata ba ta bari su gani.

"To ki yaga naki."

"Yagar ganganci daban take. Zaren bai gaji ba, bakinta a miƙe. Duk wanda ya taɓa asarar riga zai gane ƙarya ce."

Dogo ya ce a hankali, "Ɗakin dai yana nan, Mama."

Abu ɗaya ne a gidan da yake nata kuma yagarsa ta gaskiya ce: suwaitar mijinta, ruwan ƙasa, rataye a bayan ƙofar ɗakin kwana. Gwiwar hannu ɗaya ta huje, saboda shekarun da ya yi yana jingina ta a tagar bas. Da ransa kullum sai ya ɗaga hannun ya leƙo ta ta cikin hujin. "Na auri mai gyaran duniya, ga gwiwata na shan iska." Ita kuma ta ce, "Bari in gama na mutane." Na mutanen bai ƙare ba har ya tafi. Tun daga nan, duk sanda za ta fita daga ɗakin, sai ta zura yatsa a hujin, kamar mai taɓa kafaɗar mutum in za ta wuce.

Ta yi kwanaki tana kallon suwaitar ba ta sauke ta ba. Wata safiya ta sauke. Ta shimfiɗa ta a kan farin zanin, ta ɗauki hoton hujin, bakinsa duk ya yi gashi-gashi. Ta zaro ulu daga cikin kalmasar ƙugu. Ba ta yi sauri ba. Da ta kai rabi ta sake ɗaukar hoto, ta ajiye allurar, ta je ta wanke kwanukan da ta riga ta wanke. Ta dawo ta ƙarasa. Hannun Gwaggo bai iya ha'inci ba, ko ta so. Gyaran ya fita kamar kowane gyara nata.

Hotunan suka hau shafin a jere. Dogo ya kira, ya ce "Mama," bai ƙara komai ba. Ya gane suwaitar. Bai sake maganar ɗaki ba.

Ba a jima ba wata mata ta kira, ta zo har gida da kwat ɗin mahaifinta a leda, asu ya ci ƙirjin. Ban da maƙwabta, ita ce mai kaya ta farko da ta zauna a gaban Gwaggo ta kalli fuskarta.

"Mama, ko zan ga suwaitar nan ta hoton?"

Gwaggo ta ɗauko. Matar ta juya hannun nan, ta juya wancan, ta ɗaga su wajen taga. "Ikon Allah! Wai a ina ne?"

"Nan," in ji Gwaggo, ta kai yatsa. Yatsan ya zame a kan ulu. Ta matsa sama, ta dawo ƙasa. Ta san hannun, amma ainihin wurin ya ɓace mata.

Matar ta bar kwat ɗin ta tafi, tana ta sa albarka, har da alkawarin turo ƙanwarta. Gwaggo ta mayar da suwaitar bayan ƙofa. Za ta fita, hannunta ya ɗaga da kansa, bai sami inda zai shiga ba.

Ta koma teburin aiki, ta gyara tabarau, ta buɗe shafinta. Ta ja hoton farko da yatsu biyu har hujin ya cika fuskar wayar. Ta daɗe tana kallo. Sannan ta jingina wayar a jikin kwalin allurai yadda za ta riƙa gani, ta jawo kwat ɗin mutane, ta naɗe cin asun ta ciki, ta fara neman zare a kalmasa.